Ƙahon Baba a Gadon Bayana

Ni ɗan fari ne a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel a zamanin da muka tashi ya san abin da wannan yake nufi. Uwarka ba ta kama sunanka, ubanka ba ya kallonka ido da ido, in aka ga ya ɗauke ka ko ya yi maka wasa sai a ce ba shi da kunya. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka iske ana yi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma, gida ɗaya da mahaifina amma ba ruwan wani da wani. In yana son ya aike ni sai ya ce wa ƙannena, ku ce wa wancan ya kai awaki rijiya, alhali ga ni tsaye ina jin sa. Su kuwa ƙannen nawa har kan cinyarsa suke hawa suna ja masa gemu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana ci mini rai tun ina ƙarami.

Gidanmu gidan wanzanci ne, a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Baba shi ne Sarkin Aska na yankin. Askin suna, kaciya, cire beli, ƙaho, tsaga, duk hannunsa ake nema, har Fulanin da ke ruga can wajen iyaka sukan turo a tafi da shi. Sana'ar ma ba shi ya koya mini ba, Baffa ne, ƙaninsa, shi ya riƙe hannuna ya nuna mini yadda ake kwantar da aska a kan jariri. Ina ɗan shekara ashirin da biyu na riga na sami tabarmata a kasuwa, da zabirata, da mutanena da ba sa yarda kowa ya taɓa musu kai sai ni. Baki ma ban rasa ba, don wanzami marar baki yunwa ce za ta kashe shi.

A shekarun nan na saba'in da 'yan kai, lokacin da damina ta ƙi sau biyu a jere, abin ya fara. Ɗan tabo ne a gwiwar hannu, baƙi-baƙi, da farin ɓawo a kansa. Na ce kirci ne, na shafa man shanu na manta da shi. Kafin sanyi ya wuce ya kama gwiwoyin ƙafa, ya hau kai, ya sauko bayan kunne. In na sosa sai ɓawon ya zubo kamar dusa, ƙarƙashinsa ya yi ɗigo-ɗigon jini. Ga ƙaiƙayi da ba ya jin susa.

Ba wanda ya zo ya ce mini kuturta ce. Mutanenmu ba sa haka, da ma sun yi, da na san wanda zan zaga. Sai dai na ga mai fura ta fara cewa in kawo ƙwaryata ta zuba mini. A masallaci aka fara bar mini fili hagu da dama, fili sosai, wanda akuya za ta iya ratsawa, liman yana ta cewa a daidaita sahu ba mai motsawa. Abokan da muke ciyayya da su a ƙofar gida suka koma cin tuwo da wuri, in na fito da akushina sai in tarar suna wanke hannu. A kasuwa kuwa, mutum zai tsaya daga nesa mu gaisa, ya ce gashinsa bai taru ba tukuna, an jima kaɗan in hango shi durƙushe a tabarmar Baffa. Kai, mutum, sai Allah.

Na gwada Maigatari, inda ba a san ni ba. Ran Alhamis nakan yi sammako da riga mai dogon hannu, in naɗa rawani har wuya, in shimfiɗa tabarma a gefen kara ina yi wa fataken shanu na Damagaram aski. Mako huɗu na yi lafiya. A na biyar, ina cikin yi wa wani dogon mutum aski, na sunkuya, ɓawo ya zubo daga rawanina ya sauka a gwiwarsa. Ya dubi gwiwar, ya dube ni, ya tashi da rabin kai a aske, ya tofar da yawu ya tafi. Na bi shi da maganganun da har yanzu nake neman gafarar Allah a kansu. Na naɗe tabarma na dawo gida da ƙafa, ban sake komawa ba.

A gida aka ware mini akushi da buta. Na bar zauren samari na koma wani ɗan ɗaki kusa da turken awaki. Kakata, wadda ita kaɗai take da damar ta zauna kusa da ni ta ce sannu, ta riga ta rasu. Inna ba ta da bakin tambayata, sai dai in ga an ƙara mini man shanu a miya, in gane saƙonta ne. Nakan yi kwana uku ban yi magana da ɗan Adam ba in ban da sallama. Kewa ta ishe ni, har na fara yi wa awaki hira, kuma wallahi akwai wata ja da take saurare.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a gindin tsamiyar da ke bayan gida, sai na ji takun Baba. Na yunƙura zan ba shi wuri yadda na saba, sai na ga zabira a kafaɗarsa. Ya tsaya a kaina, idonsa a kan bishiya, ya ce, "Cire riga."

Wannan ce magana ta farko da na iya tunawa ya yi mini kai tsaye ba ta bakin wani ba. Na cire. Ya zaga bayana ya tsuguna. Sai na ji tafin hannunsa a tsakiyar gadon bayana, da ɗumi, da kaushi, yana lalube yana dannawa, yana neman inda mataccen jini ya taru. Shekara guda ke nan ba wanda ya taɓa ni ko da yatsa, shi kuwa tun da nake bai taɓa ba. Na sunkuyar da kai. Ya kafa ƙaho ya zuƙa ya toshe, ya jira fata ta taso, ya cire ya yi tsaga, ya mayar ya sake zuƙa. Ƙaho huɗu ya kafa mini ran nan, duk a fata mai lafiya, don a ilminsu ciwo a jini yake, sai an ba shi ƙofa yake fita.

An ce wanzami ba ya son jarfa. To ni na so ta. Duk bayan mako biyu yakan zo, kullum bayan la'asar, kullum a gindin tsamiyar nan. Ba a matsayin uba yake zuwa ba, wanzami ne ya zo wajen marar lafiya, saboda haka ba mai cewa ya yi rashin kunya. Ƙaho kuwa ba ya son gaggawa, in an kafa sai an jira ya ja. A wannan jiran ne yake magana. Ba da ni yake yi ba, haka dai yake sakin ta a iska, yana wasa aska a tafin hannu. A nan na ji yadda ubansa ya taɓa korar sa daga tabarma don ya yanki kunnen wani mai unguwa, da yadda ya taka da ƙafa har Gagarawa Tasha yana saurayi don kawai ya ga jirgin ƙasa, ya gan shi ya ruga a guje ya bar takalmi. Wani lokaci har ya yi dariya. Ni ba na cewa komai, ina jin tsoron in na yi magana ya tuna ko ni wane ne.

Bayan kamar mako biyu da kowane ƙaho, sai wurin ya tashi. Daidai da'irar bakin ƙahon, daidai layin tsagar, sabon tabo mai ɓawo ya fito. Baba ya gani ya yi hamdala, ya ce ga shi nan yana fitowa, ciwon da ya fito ai ya fi wanda ya kwanta a ciki. Baffa ma haka ya ce, duk wanzamin da ya leƙo haka ya ce, haka aka koya mana game da ƙyanda da sauransu. Sai ya matsa gaba ya kafa a sabon wuri don ya jawo saura. Haka muka yi ta yi kusan shekara biyu, har bayana ya cika da zobe-zobe tun daga kafaɗa zuwa ƙugu, ba na iya kwanciya rigingine. In ka tambaye ni ko ban taɓa zargin komai ba, zan ce maka na zarga. Na ture zargin gefe, na ci gaba da ƙirga kwanaki.

Akwai malamin asibiti da yake zagayowa a keke yana raba wa kutare ƙwaya. Shi ya tare ni wata rana ya ce wani likitan fata zai sauka Gumel mako mai zuwa, daga jami'a yake, yana bin garuruwan yankin nan yana duba masu irin larurata, in je. Na ce ba inda za ni, in je a ƙara tabbatar mini da abin da gari ya riga ya yanke? Baffa ne ya matsa, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na hau motar gyaɗa, a baya can kan buhuna, ni kaɗai.

Likitan mutumin kudu ne, gajere, mai tabarau da sanƙo, Hausarsa kuwa ta sha wuya, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Amma yana da haƙurin tambaya irin wanda ban taɓa gani ba. Ya sa na rufe ido, ya riƙa taɓa tabon da auduga yana cewa in nuna inda na ji, na nuna duka ba kuskure. Ya kankare ɓawo da gefen gilashi ya duba. Ya riƙe yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana kallon farce, ya nuna mini 'yan ramuka a jiki waɗanda ni mai farcen ban taɓa lura da su ba. Ba safar hannu ya sa ba, da hannunsa tsirara ya yi duk wannan. Sannan ya ce in juya.

Da ya ga bayana sai ya saki wata ƙara da yarensu, ya kira malaman asibiti biyu su zo su gani. Na ji haushi ya taso mini har wuya. Ni ina cikin wuya shi yana murna, sai ka ce ya tsinci dami a kala. Ya jawo takarda mai zanen mutum, ya riƙa ɗiga kowane zobe a inda yake, yana tambaya, wannan da damina aka yi ko da kaka, wanne ya riga wanne, kuma abin da ya fi nanatawa, tabo ne ya fara zuwa aka sa ƙaho, ko ƙaho aka sa tabo ya biyo. Na ce ƙaho ne farko. Ya tambaya sau uku ta hanya uku, na ba shi amsa ɗaya.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce ba kuturta ba ce, ko kusa. Sunanta soriyasis, ba a ɗaukar ta a kwano ko a tabarma ko a aska, ba ta cin yatsu, ba ta kuma warkewa gaba ɗaya, takan kwanta ta tashi, amma ana iya lallashin ta. Ya ce littattafan da suka karanta a ƙasar Turawa aka rubuta su, a fatarsu ja take fitowa, a tamu kuwa baƙa ce mai toka-toka, shi ya sa ake wuce ta ba a gane ta ba, har wasu likitoci suna ganin ba ta cika kama baƙar fata ba. Abin da ya fito da shi daga ofis ke nan yake yawo gari-gari. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ban gama jin daɗin ba ya ƙara da cewa ita wannan cuta halinta ne ta bi rauni, duk inda aka yanka ko aka ƙuje a fatar mai ita, nan take tsirowa. Ya ce ƙahon nan ba fitar da ciwo yake ba, shuka shi yake yi, kada aska ta sake taɓa ni. Ya tambayi wanda yake yi mini. Na ce wani wanzami ne a garinmu.

Ya ba ni wani baƙin mai mai warin kwalta, ya ce in riƙa shafawa ina shan hantsi ba riga. Ya rubuta takarda zuwa ga mai gari cewa ciwona ba ya yaɗuwa. Ya nemi izinin ɗaukar hoton bayana, ya ce fuska ba za ta fito ba, ɗalibai zai riƙa koyarwa da shi. Na ce ya ɗauka, bayan da ni kaina ba na gani. Ya ce in dawo bayan wata uku.

Na koma gida na kai wa mai gari takarda, aka karanta a ƙofar masallaci ran Juma'a. Wasu suka yarda, wasu suka ce a dai juri zuwa rafi. Maganar aska kuwa na haɗiye ta. Da ranar ƙaho ta zagayo na je gindin tsamiya tun kafin la'asar na cire riga na zauna. Baba ya zo, ya shinshina warin man, ya kafa ƙahonsa. Ran nan labarin wata farar saniya ya bayar, wadda wani Bafulatani ya ba shi tukuicin kaciyar 'ya'yansa, ta tsinke igiya ta koma ruga sau uku. Na san abin da nake yi wa jikina, da sanina na zauna, kuma na sake zama har sau biyar.

Da na koma Gumel likitan ya fito da takardarsa mai zanen mutum, ya kwatanta da bayana. Tsofaffin tabo sun yi laushi, ga sababbi kuma reras a ƙasan haƙarƙari. Ya cire tabarau ya fara faɗa, Hausar ta ƙara rikicewa. Ya ce in abin ya game jiki duka yana iya kwantar da ni kwanciyar da ba tashi, me ya sa ba na ji, ko wanzamin nan tsafi ya yi mini? Ni ma raina ya ɓaci, na ce masa ubana ne. Ya ce to ai ya fi sauƙi, in faɗa masa mana. Na ce ni ɗan fari ne. Bai gane ba, sai da wani dattijon malamin asibiti ya yi masa bayani da Turanci, ya daɗe yana yi. Na ƙara da bakina, na ce in ƙaho ya tsaya shi ke nan, ba shi da sauran dalilin zama kusa da ni.

Likitan ya daɗe yana juya alƙalami. Sannan ya ce, "Ni fata na karanta. Wannan babu a littafina." Ya ce amma ba zai iya gani ya yi shiru ba, dama yana son ya zauna da wanzamai ya ji abin da suka sani, zai zo garinmu. Na roƙe shi kada ya zo. Ran kasuwar Sule Tankarkar sai ga motarsa.

Gaskiya ɗaya ce, bai wulaƙanta Baba ba. Ya cire takalmi, ya tsuguna a gefen tabarma, ya kira shi Sarki, ya yi ta tambayarsa sunayen cututtukan fata yana rubutawa, makero, ƙazuwa, ƙyasbi, kirci iri-iri, da yadda ake bambanta su, har Baba ya saki jiki yana gyara masa. Sai daga ƙarshe ya kawo maganata, a hankali, su biyu da Baffa kawai. Ina daga nesa a bayan rumfar masu gishiri ina hango su. Baffa ne ya ba ni labari daga baya, ya ce Baba bai yi musu ba bai kuma yarda ba, ya ce shekara arba'in yana riƙe da aska, ba zai ajiye ta don maganar baki ba, zai gwada ya gani da idonsa.

Washegari Baba ya zo gindin tsamiya ba tare da ƙaho ba. Ya kama hannuna na hagu, ya nemi wuri mai tsabta a cikin damtse inda ciwon bai taɓa zuwa ba, ya ja layi ɗaya siriri da bakin aska, tsawon gaɓar yatsa, ya tafi. Kwana goma sha biyu ina addu'ar Allah Ya sa layin nan ya warke sumul. Ka ji fa, marar lafiya yana roƙon maganar likitansa ta zama ƙarya. A kwana na sha uku ya fara kauri, kafin wani mako ya cika ya yi farin ɓawo, miƙe sak yadda aska ta bi.

Baba ya zo ya duba. Ya riƙe wuyan hannuna ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Likitan ya yi gaskiya." Ya saki hannun. Ya zaga ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa, na san zobban yake ƙirgawa. Na buɗe baki zan ce Baba ba komai, ni na so, ban iya ba, ba mu saba ba. Ya ɗauki zabirarsa ya shiga gida.

Abin da ya yi bayan nan sai mai gaskiya. Ya tara wanzaman da ke ƙarƙashinsa, ya faɗa musu da bakinsa cewa ya yi kuskure a jikin ɗansa, ya kwatanta musu irin tabon da irin farcen, ya ce duk wanda ya ga haka kada ya sa aska, ya tura mutum Gumel. Maganar ta bi kasuwanni har Maigatari da Gagarawa. Har yau tsofaffin wanzaman yankinmu in suka ga kirci mai farin ɓawo sukan mayar da aska zabira, da yawansu ba su san daga inda abin ya samo asali ba.

Ni kuwa jiki ya yi sauƙi. Da man kwalta da hantsi, cikin wata shida zobban suka kwanta suka bar baƙin sawu kawai. Sahu ya matso, mai fura ta manta da maganar ƙwarya, mutanena suka dawo tabarma ɗaya-ɗaya suna sosa ƙeya, na yi musu aski ban yi wa kowa gori ba, ko da yake akwai wanda na ɗan danna wa aska fiye da kima. Na yi aure. Likitan ya ƙara zuwa sau biyu, daga nan ban sake ganinsa ba. Shekaru da yawa bayan haka, na riga na tsufa, gwiwa ta kai ni asibitin Gumel, wata yarinya likita sa'ar jikata ta kalli farcena da gwiwar hannuna ta faɗi sunan ciwon tun ban zauna ba. Na ce a ina ta san shi? Ta ce malaminsu ya koya musu da wani tsohon hoto, bayan wani mutum ne cike da sawun ƙaho, shi ma ya gada ne daga nasa malamin, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan cutar a fatar mutanenmu, ya rasu tuntuni. Na ce Allah Sarki. Ban gaya mata ba. Na yi wa likitan nan mai tabarau fatan alheri a raina, duk da na shekara da shekaru ina jin haushinsa, kuma har yanzu ban gama tantance ko na huce ba.

Don kuwa abin da na ji tsoro shi ya faru. Baba ya koma ku ce wa wancan, har ma ya fi da, don yanzu ban da kunyar ɗan fari akwai wata a kanta. In na shigo zaure ya fita. Na yi ta zuwa gindin tsamiya bayan la'asar ina zama haka nan, da riga a jikina, ko zai wuce ya tsaya. Ga gari ya dawo mini, ga abokan ci, ga mata a ɗaki, amma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba.

Kafin shekarun saba'in su ƙare ya kwanta ciwon ajali. Ƙannena ne suke jinyarsa, su tashe shi su kwantar, ni nawa in tsaya a bakin ƙofa in tambayi Baffa ya mai jiki. Wata rana da hantsi Baffa ya fito ya ce in shiga, ana kira na. Na shiga na durƙusa daga gefen gado. Ya rame ƙwarai, idonsa a kan rufin ɗaki. Ya ce a hankali in juya ya ga bayan. Na ɗaga riga na juya. A jikin bango na ga inuwar hannunsa ta taso, ta matso, har na ji ɗuminsa a fatata bai kai ga taɓawa ba. Na riƙe numfashi ina jira. Hannun ya tsaya a nan, ya daɗe, sannan ya koma cikin mayafi.

Ya ce, "Ya yi kyau. Rufe."

Na saki riga na fita. Bayan kwana biyu ya cika.